Cinyar Ragon Walima

Akwai laifin da ba a kai shi gaban alƙali, ba a yi wa mai shi bulala, amma mutanen kirki ba su mance shi: mutum ya ci tuwon gida, ya kwashi ilimin mai gidan, in ya samu ɗaukaka ya ji kunyar kiran sunansa. Butulci ke nan, kuma na ɗalibi ga malaminsa ya fi kowane muni. Ga wanda ya yi shi, ga kuma yadda aka saka masa.

A zamanin da Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato, an yi wani malami a Babban Duhu, ana ce masa Malam Badaru. Ba shi da soro, inuwar tsamiya ce makarantarsa. Damina ya yi noma, rani ya karantar. Amma a ilimin rabon gado, tun daga Safana har Batsari, in shanu ko gona suka gagari magada, ƙofarsa ake nufa. Ɗansa namiji guda ne, Rabe.

Shekarar da mahara suka ƙone Karare, wani manomin garin mai suna Maude ya iso Babban Duhu da wani saurayi a kife bisa jaki, an sare shi a kafaɗa har ƙashi. Musbahu sunansa, kuma ba wanda ya rage masa a duniya. Inno, matar Malam, ita ta riƙa wanke masa ciwon tana ɗura masa kunu da ludayi. Zazzaɓi ya riƙe shi har bai san wanda ke kansa ba. A cikin kwanakin nan wani falke ya sauka ƙofar gida da labarin rasuwar Malam Usaini, babban malamin birnin Katsina. Rabe, wanda tsaran Musbahu ne, yana tsaye wurin. Ya ji ubansa ya yi salati ya ce, "Hayaƙin Karare bai gama kwantawa ba, ga wani rashin." Musbahu kuwa yana ɗaki yana sambatu, bai ji ba, kuma ba wanda ya sake tayar da zancen bayan ya warke. A riƙe wannan, za a buƙace shi.

Da ya miƙe, Malam ya zaunar da shi kusa da Rabe. Mutum ne mai kai, wannan ba a hana masa. Shekaru ya yi yana ci daga rumbun gidan, ya karɓi babban littafin gado daga bakin Malam, tun daga bangon farko har na ƙarshe. Sa'an nan ya ce ƙauye ya yi masa kaɗan. Malam ya sa masa albarka, Inno ta daka masa guzuri, ya nufi birni.

Makarantar gidan Malam Usaini ba irin wadda aka saba gani ba ce. Unguwa ce guda: zaure bayan zaure, kowane da malaminsa da fanninsa, ɗalibai magidanta daga Zamfara, Daura, Asbin, har Barno. Ɗan marigayin, Malam Labaran, shi ne bisa kowa, amma ko rabin masu karantarwa a ƙarƙashinsa bai sani da fuska ba. Musbahu ya duba ya ga a wurin nan ba a tambayar me ka sani sai an fara tambayar wa ya karantar da kai. Ya bincika yaushe Malam Usaini ya rasu, aka ce masa shekarar agana, don haka mutanen birni ke kiranta, saboda annobar da ta auka musu. Bai ƙara tambaya ba. Daga ranar ya fara cewa a gaban marigayin ya karɓi littafin gado, har ma yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Wa zai ƙaryata? Ɗaruruwa ne suka zauna gaban mutumin nan. Aka ba Musbahu zaure, aka shimfiɗa masa buzu.

Ana nan, yanar ido ta rufe wa Malam Badaru gani. Rabe ya ɗora shi bisa jaki ya kai shi birni wurin mai magani. Tsohon ya ce ba zai koma ba sai ya ji muryar ɗalibinsa. Suka yi ta tambaya, zaure zaure, har suka same shi, rawani ya sha shuni, mutane sun kewaye shi.

"Salamu alaikum. Musbahu, kai ne? Muryar nan taka ce," in ji tsohon, yana lalube da hannu.

Ɗalibai suka juyo. Wani ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wane ne wannan da ke kiran sunanka gatsal?"

Musbahu ya dubi riga mai faci, ya dubi ƙafafu masu faso. Ya ce, "Wani manomi ne na can wajenmu, na taɓa jinya a gidansa. A dama masa fura, ya sha hanya."

Aka kawo furar. Malam Badaru ya karɓa, ya yi bisimilla, ya sha, don shi ba ya mayar da abin da aka ba shi. Rabe ya ƙi taɓawa. A hanyar gida, da suka kusa ƙauyen Darini, tsohon ya ce, "Karatunsa ya yi kyau fa. Ka ji yadda yake warware mas'ala?" Wannan maganar ta fi duk abin da ya faru cin ran Rabe. Kafin a yanke gero Malam Badaru ya rasu.

Bayan an share makoki Rabe ya ce zai tafi birni neman gurbin karantarwa a makarantar nan. Matarsa Zuwairatu tana sheƙe gero a tsakar gida, ta aje ƙwarya.

"Malam, mi aka rasa a nan? Tsamiyar Baba na nan, ɗalibansa na nan."

"Can akwai littattafan da ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Akwai tuwo daga gidan sarki, akwai riga duk salla."

"Riga! Gonar fa, rigar za ta nome ta? Dube ni nan, Malam. Ba littafi ke kai ka ba."

Inno, da ke bakin ɗakinta tana kaɗi, ta ce, "Ƙyale shi, ɗiyata. Ni na ɗura wa wancan Musbahun kunu da hannun nan. Tafi, Rabe. Ba na son komai nasa. Sunan ubanka nake so a faɗa a inda aka ɓoye shi."

Ga abin da Rabe ya sani. A makarantar nan akwai al'ada: duk malamin da ya kai ɗalibansa ƙarshen babban littafi, ana yi masa walima a filin gidan, a yanka rago. Kafin a raba nama sai ya miƙe gaban kowa ya faɗi wanda ya karɓi littafin daga gare shi. Sai a ɗauki cinyar ragon a miƙa wa malamin da aka ambata, in ya rasu a miƙa wa magajinsa, shi kuma ya ce, "Na shaida." A wurin nan ba mai ikon buɗe baki sai wanda ke da buzu a makarantar. Baƙauye in ya tsaya bakin ƙofa yana ihu an wulaƙanta ubansa, taɓin hankali za a ce. Saboda haka buzu Rabe ke nema, ko na ɗan akuya ne.

Ya samu. Aka jarraba shi, aka ba shi wani zaure can ƙurya kusa da turken jakuna, yana koya wa fatake da marina hukuncin tsarki da salla.

In za a faɗi gaskiya, wurin yana da daɗinsa, kuma Rabe ya ɗanɗana. Ya riƙe littattafan da suka ƙetaro hamada bisa raƙumi, aka bar shi ya rubuta nasa daga cikinsu. Mas'alar da a ƙauye za ka yi shekara kana juyawa kai kaɗai, a nan sai ka taka zaure na gaba ka iske wanda ya ƙoshi da ita. Yunwa bai san ta ba. A kasuwa in aka ji inda yake karantarwa, mahauci sai ya ƙara masa tsoka. Wani lokaci har ya kan ji ransa ya yi fari, sai ya tuna ƙwaryar furar nan, daɗin ya gushe.

Amma mutane sun yi yawa har mutum ya zama ba kowa ba. Malam Labaran in ya gamu da shi sai ya ce, "Kai ne na Daura ko?" Ya yi ta gyara masa har ya gaji, ya koma amsawa. Manya na gaba da juna a kan wa za a shimfiɗa wa buzu kusa da ginshiƙi, ƙanana na yin aikin. Amsar da Rabe ya sha wuya ya fitar, sai ya ji wani babba ya kai ta fada da sunansa. Ɗalibin da ka saba da shi bana, baɗi ya koma wani zaure, ku haɗu a hanya ya wuce. Kuma kowane zaure da nasa labarin, abin da aka faɗa a wannan ba ya isa wancan. Wannan aibi na ƙarshe shi ya rufa wa Musbahu asiri, da shi kuma Rabe ya zo ya yi aiki.

Ranar da suka fara haɗuwa, bakin rijiya, Musbahu ya ja shi gefe.

"Me ya kawo ka nan?"

Rabe ya durƙusa har ƙasa. "Abinci, Allah ya gafarta Malam. Gona ba ta yi. Baba ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Mutumin kirki ne, manomi na gaske." Ya gyara rawani. "Ka san birni ba ƙauye ba ne. Ba a son yawan tone-tone a nan."

"Ni kam ba na tuna komai, Malam."

Daga nan Rabe ya zama ɗan gaban goshi. In ya sallami nasa ɗalibai sai ya je ya zauna zauren Musbahu, yana jin karatun ubansa na fitowa daga bakin wani, har da misalan shanun Babban Duhu, an dai sauya musu gari. Yana gyaɗa kai yana cewa "Na'am", haƙoransa a cije. Nan ya gane Musbahu na da labari biyu da yake ji da su. Gaban manya, na makara. Gaban ɗalibansa, na tabon kafaɗa, wato yadda ya tsaya wa mahara a Karare. Bai taɓa haɗa su a zama guda ba, ba don wayo ba, don dai kowane da masu saurarensa. A ransa shekarar wutar Karare daban, shekarar agana daban. Rabe kaɗai ya san shekara guda ce, wata guda ma.

Littafin gado ba a gama shi da wuri, kuma jira ba kyauta ba ne. Da Rabe ya leƙa gida wata damina, ya iske ciyawa ta ci rabin gona, ɗiyar da aka haifa ba ya nan ta ƙi yarda ya ɗauke ta.

"Sannu da zuwa, Malamin birni," in ji Zuwairatu. "Ina rigar? A shimfiɗa ta a gona ko tsuntsaye sun ji tsoro."

"Saura kaɗan, Zuwaira."

"Bara ma haka ka ce. Baba fa ya yafe, kai ne ka ƙi."

"Baba nasa ya yafe. Ni a gabana ya sha furar nan."

Ta zuba masa tuwo. Da safe ya koma.

Da aka zo babin ƙarshe, Rabe ya fi kowa rawar jiki. Shi ya zaɓo ragon. Shi ya ce kada a yi ƙaramar walima, tun da ana raɗe-raɗin za a danƙa wa Musbahu rabon gadon fada, a gayyato alƙalin gari ya gani da idonsa. Musbahu ya ji daɗi har ya ba shi tsohuwar hula. A ɓoye kuma Rabe ya aika Karare aka zo da Maude, aka ɗauko Inno ta sauka cikin gida wurin mata.

Ranar walima, da hantsi, fili ya cika. Malam Labaran na tsakiya, alƙali na damansa. An feɗe rago, cinya na bisa faifai. Kafin Musbahu ya miƙe, Rabe ya ɗaga murya daga sahun ƙananan malamai.

"Allah ya gafarta malamai, na roƙi arziki. Yau ranar Malam ce. Manyanmu sun san iliminsa, ba su san jarumtarsa ba. Ya ba su labarin Karare."

Musbahu ya yi murmushi ya ce ai ba wani abu ba ne. Ɗalibansa suka ce sai ya faɗa. Ya kuwa faɗa, har da zame riga a ga tabo. "Ina saurayi a lokacin, ko ganuwar birni ban taɓa gani ba, amma na tsaya. Mutum uku na kayar kafin a same ni. Shekara guda cur na yi a kwance."

Aka yi kabbara. Can baya wani tsoho ya ce, wai a hankali, amma an ji, "Uku? Ni dai bayan rumbu na tsince shi." Maude ke nan. Na kusa suka tuntsure da dariya, aka tsawata musu.

Sa'an nan Musbahu ya gyara tsayuwa ya ce, "Wannan littafi na karɓe shi daga bakin Malam Usaini, Allah ya haskaka kabarinsa, wanda kafaɗar nan ta ɗauki makararsa." Ya dafa kafaɗar mai tabo. Aka ɗauki cinya aka nufi Malam Labaran, shi kuma ya miƙa hannu yadda ya saba miƙawa duk shekara, ba tunani ba tambaya.

"Kafin Malam ya shaida, ina da tambaya guda," in ji Rabe.

Malam Labaran ya ƙanƙance ido. "Na Daura ne ko?"

"Rabe ne, ɗan Malam Badaru na Babban Duhu. Allah ya gafarta Malam, labarin ƙone Karare, kafin rasuwar mahaifinku ya iso birni ko bayanta?"

Hannun Malam Labaran ya tsaya a miƙe. Aka ga fuskarsa na sauyawa. "Karare," ya ce. "Muna fita da makara ta ƙofar yamma, mutanenta na shigowa da kaya a ka, wasu da ƙuna a jiki. Sai da muka tsaya suka wuce. Ban mance ba." Ya janye hannu, ya juyo. "Musbahu, ranar nan kana ina? Ƙarƙashin makara, ko a kwance?"

"Ai... ai shekarar agana ce, Allah ya gafarta Malam."

"Ita ce," in ji Rabe. "Su agana ta ci, suka sa mata agana. Mu wuta ta ci."

Maude ya taso yana dogara sanda. "Ni na ɗauke shi bisa jakina, jakin ma ya fi shi nutsuwa ranar. Ƙofar Malam Badaru na sauke shi. Shekarun da ya yi yana cin tuwon gidansa, duk yamma an sani, ko shanu a tambaya."

Alƙali ya ce, "Kai, daga wa ka karɓi littafin nan? Faɗa da ƙarfi, yadda ka faɗi na farko."

Musbahu ya dubi Rabe, ya ce ƙasa-ƙasa, "Rabe, ƙwarya guda fa muka ci."

"Na sani, Malam. A dama maka fura? Ka sha hanya."

Sai ya faɗa. "Malam Badaru na Babban Duhu." Alƙali ya ce na baya ba su ji ba. Musbahu ya sake faɗa. Aka juya da cinya wurin Rabe. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na shaida ya zauna gaban ubana. Na shaida kuma ubana ya tsaya ƙofar zaurensa ba ya gani, shi kuwa ya kira shi wani manomi." Ya shiga cikin gida ya aje faifan gaban Inno. Ta dafa naman ta ce a ba mabuƙata, ita abin da ta zo ji ta ji shi ta bayan katanga.

Malam Labaran, da kunya ta kama, ya ce Rabe ya hau buzun karatun gado. Rabe ya tuna littattafan hamada, ya tuna tsokar mahauci, ba zan ce bai yi jinkiri ba. Amma ya ce, "Allah ya saka da alheri. Na ƙaru a gidan nan ƙwarai. Sai dai wurin da sai mutum ya tona asirin wani kafin a san sunansa, ya fi ƙarfina. Tsamiya na jirana."

Musbahu kuwa, ga abin da ya rasa. Buzu, an naɗe shi kafin azahar. Zaure, an ba wani. Ɗalibai, sun watse, wasunsu suka bi Rabe yamma don su sake karɓar littafin daga tushen da ba ƙarya. Rabon gadon fada, an fasa. Ɗakin da yake ciki a gidan, an karɓe. Rawani ba wanda ya cire masa, da kansa ya daina naɗawa. Birni ya ƙi zaunuwa. Karare, Maude ya riga shi isa da labari. Babban Duhu kuwa, gida guda ne ya taɓa buɗe masa ƙofa a duniya, shi ya rufe ta da bakinsa. Ilimin na nan a kansa, ko harafi bai ragu ba, amma ba wanda ya ƙara zama gabansa ya ce masa "Na'am".